Ƙas-Ƙas A Ƙafar Mota: A Kasa Kunne Kafin A Ɗauko Sifana

Akwai wata 'yar ƙara da ke hana masu motocin gudu sukuni a nan Ikko, ba kuwa wata ƙara ce mai ƙarfi ba. Ba a jin ta a kan babbar hanyar Ikko zuwa Badun sa'ad da mota ta miƙe tana cin kwalta. Sai an shigo gari an faɗa cikin gosulo a Oshodi ko Mile 12, ko kuwa ana lallaɓawa za a shiga ƙofar gida, sa'an nan za a ji ta daga ƙasa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar yaro na taɓa kwano da cokali. Da an taka totur an ƙara wuta sai ta ɓace. To, wannan ɓacewa ita ce ke yaudarar mutane, gama ba tafiya ta yi ba. Iska ce da gurnanin inji da kukan taya suka rufe ta.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da yadda ake zato. Da yawa daga cikinsu direbobi ne a gidajen masu hali na Ikoyi da Victoria Island, kuma duk abin da ya sami mota su ne ake fara tuhuma, wani lokaci har a zabtare albashi. Waɗansu dillalan motoci ne a Berger, inda ƙara guda a lokacin gwaji ta isa ta kori mai saye. Akwai kuma ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana tari a Agege ko Sabon Badun har ya mallaki tasa, yana jiran Salla ta zo ya kama hanyar Ilori da Jebba da Kaduna ya je gida a gan shi. Wannan tafiya ta wajen kilomita 1,000 ce zuwa Kano, kuma akwai wurare a cikinta da ba wanda ke fatan mota ta tsaya masa bayan magariba.

Abin da aka saba gani shi ne, mai mota ya shiga gareji ya ce yana jin ƙas-ƙas, tun bai rufe baki ba makaniki ya yanke hukunci cewa shaf ne. Sau da yawa ya yi daidai. Amma fa ƙara iri ɗaya tana iya fitowa daga tsakuwar da ba ta da ko sisin kwabo, ko daga notin taya da ya kwance wanda ke iya hallaka mutum da iyalinsa, ko ma daga wani abin da ba lalacewa ba ce sam, haka masu ƙera motar suka yi ta. Kunne ne ke rarrabe waɗannan, kuma mai mota ko direbansa na iya yin rabin aikin cikin minti goma sha biyar, a wani fili mara hayaniya, da gilasai a sauke da rediyo a kashe.

Inji ne ko ƙafa?

Tambaya ta farko ita ce, ƙarar tana bin gudun inji ne ko gudun taya? Lissafin ba shi da wuya. Tayar irin waɗannan motoci, misali mai lamba 225/45 a kan rim mai inci 17, kewayenta ya kusa mita 2. Idan mota tana tafiyar kilomita 10 a awa ɗaya, taya na juyawa sau ɗaya da 'yan kai a kowace daƙiƙa, watau mutum zai iya ƙirga ƙarar da yatsa. A kilomita 20 za ta ninka. Shi kuwa inji, ko mota na tsaye yana juyawa wajen sau 800 a minti, abin da ya haura sau 13 a daƙiƙa, saboda haka ƙarar da ta fito daga gare shi sauri gare ta kamar keken ɗinki.

Gwajin shi ne a bar mota ta ɗan ɗauki tafiya, a cire giya, a bar ta tana gangarawa, sa'an nan a taka totur a sake. Kada a kashe inji, domin kashe shi na taurara sitiyari da birki. Idan ƙarar ta yi sauri da aka taka totur, to a buɗe gaban mota a duba. Idan kuwa ba ruwanta da totur, tana raguwa ne kawai yayin da mota ke rage tafiya, to maganar tana ƙafa.

Ta wajen inji ba sai an daɗe ba. A fara da duba baƙin mai, don idan ya yi ƙasa bawul kan yi kuka. Ƙarar da ake ji da safe kafin inji ya yi zafi, daga baya ta tafi, sau da yawa hayaƙi ne ke tsiyaya a wurin da bututun salansa ya haɗu da inji. Injunan zamani kuma masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin wanda aka sa wa Golf GTI tun daga samfurin 2004, famfonsu da bakunan fesa mai suna ƙyas-ƙyas ko suna sababbi fil. Wanda ya biya kuɗi don a kashe masa wannan ƙara ya yi sadaka ne kawai.

Idan an tabbatar ƙafa ce, kada a ƙara ko taku ɗaya sai an sa sifana a kan kowane noti na tayoyi huɗu. Wannan shi ne abu mafi sauƙin dubawa, shi ne kuma mafi haɗari in an ƙyale. Tayar da notinta ya sassauta tana motsi a mazauninta duk juyi ɗaya, ta fara da ƙas-ƙas, ta koma kwas-kwas, daga nan sai a ga taya ta wuce mota. Masu motocin gayu sun fi kowa faɗawa cikin wannan, saboda son canza rim. Kusoshin tayar Volkswagen na asali wuyansu a kewaye yake kamar gindin ƙwarya, alhali yawancin rim na kasuwa an yi raminsu ne don kusa mai wuyan mazurari. In aka haɗa waɗannan biyu, kusa ba ta zauna daram ba, kome ƙarfin da aka ɗaure ta da shi. Haka kuma ramin tsakiyar rim na Golf milimita 57.1 ne, wanda ya fi haka faɗi sai an sa masa zobe kafin ya zauna daidai. Kamfanin ya ce a ɗaure kusoshin Golf 5 da Golf 6 a kan awon Niyuton-mita 120, da sifana mai awo. Abin da ake gani a bakin titi kuwa, mai faci ne ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle, kuma kusar da aka ja ta wuce ƙima ita ma ta zama abin tsoro.

Bayan noti sai a bi tayar kanta a duba ko tsakuwa ko ƙusa ta maƙale a cikin zanenta. Alamar wannan ita ce ƙara ɗaya a kowane juyi, ko an miƙe ko an yi kwana, kuma takan yi shiru in an sauka kan yashi.

Maganar shaf

Yanzu aka zo wurin da makanikai suka fi so. Tsofaffin direbobin da suka tashi da Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba su san wannan ciwo ba a zamaninsu. Ita 504 da ƙafafun baya take tura kanta, na gaba ba su da aiki sai bin sitiyari. Golf kuwa, wadda ta cika tashoshin Arewa daga baya, da ƙafafun gaba take jan kanta, kuma da su ɗin take yin kwana. Saboda haka sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, watau shaf, tilas ta iya lanƙwasa a daidai lokacin da take juyawa.

Abin da ke ba ta wannan dama shi ne gaɓar da ke ƙarshenta, wadda ake kira kan shaf. Wani injiniya na kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ne ya ƙago fasalinta cikin shekarun 1920, har yau kuma fasalin bai sake sosai ba. Ƙwallayen ƙarfe ne, galibi shida, a cikin wani keji, kowanne yana kai da komowa a cikin kwarinsa. Kan shaf na waje, wanda ke jikin taya, yana iya karkata har wajen digiri 45 ko fiye in an murɗe sitiyari ƙarshe. An cika shi da wani baƙin giris na musamman, an rufe da roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri.

Ran wannan gaɓa duk yana ga robar nan. Muddin tana da lafiya, kan shaf na iya yin shekaru masu yawa ba a taɓa shi ba. Ranar da ta tsage kuwa, juyin taya zai watsar da giris waje, ruwa da yashi su shiga. Wanda ya san yadda titunan Ikko ke zama kogi da damina, ya kuma san ƙurar da mota ke sha in ta haura Arewa da hunturu, ba sai an gaya masa saurin da abin ke yi ba. Yashi da sauran giris sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su ci kwarin da ƙwallayen ke bi har su yi masa gurbi. Duk sa'ad da ƙwallo ya faɗa gurbin ya fito, ƙas ɗin da ake ji ke nan.

Motocin gudu sun fi saurin kamuwa, dalili kuwa a fili yake. Golf GTI ta farko da ta fito a Jamus a 1976 ƙarfin doki 110 gare ta, nauyinta wajen kilo 810. Ta 2004 ta kai ƙarfin doki 200, kuma duk wannan ƙarfi ta cikin 'yan ƙwallayen nan yake bi kafin ya taɓa ƙasa. Faffaɗar taya ba ta yarda ta zame balle ta rage wa gaɓar nauyi. Samari kuma kan rage wa motar tsayi don ta yi kyaun gani, abin da ke sauya yadda shaf ke kwanciya. Mafi muni duka shi ne halin figar mota da ƙarfi alhali sitiyari na murɗe, irin yadda ake yi a mahaɗar titi don a riga ɗan danfo shiga.

Gane ciwon ba wuya. A sami fili, a murɗe sitiyari har ƙarshe zuwa dama, a yi ta kewaya a hankali ana ɗan taka totur. A sake zuwa hagu. A kuma gwada da ribas, don sau da yawa ƙarar ta fi fitowa da baya. Lalataccen kan shaf na waje zai ba da ƙas-ƙas-ƙas a jere, fiye da ɗaya a kowane juyin taya, ya ƙaru in an ba da wuta, ya yi shiru in an miƙe sitiyari. Makanikai na yawan gardama a kan ko kwanar dama ce ke tona asirin shaf na hagu ko kuwa akasin haka. Wannan gardama ba ta da amfani. A tsayar da mutum a waje ya saurara ta wannan gefe, ya zaga ta wancan, sa'an nan a leƙa bayan taya. In an ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim ko a jikin shokazoba, magana ta ƙare.

Kan shaf na ciki, wanda ke jikin giya, halinsa daban. Ba ya cika yin ƙas-ƙas. Shi nasa dukan guduma ne guda ɗaya in an taka totur ko an sake, ko kuma mota ta riƙa karkarwa sa'ad da ake ƙara wuta a miƙaƙƙiyar hanya. Boris ɗin taya shi ma ana ɗora masa laifin da ba nasa ba, gama shi gurnani yake yi wanda ke ƙaruwa da gudu. Ƙarar da ke fitowa in an murza sitiyari mota na tsaye cik ba ta shaf ba ce ko kusa, tun da shaf ba ya juyawa a lokacin. A duba mazaunin shokazoba na sama. Wadda ke zuwa sai an faɗa rami ko an hau tudun rage gudu, ita kuma a nemi 'yan sandunan da ke riƙe ƙafa da robobinsu.

A nan ne kuɗi ke shiga. Idan roba ce ta tsage amma ƙara ba ta fara ba, a yi hamdala, a kwance, a wanke tsaf, a zuba sabon giris irin nasa, a sa sabuwar roba da zoben ƙarfenta. Ɗaure roba da yankin tiyub ko waya, kamar yadda waɗansu ke yi, jinkirta asara ne kawai. Idan kuwa ƙara ta riga ta fara, giris ba ya cike gurbin da ya ci a jikin ƙarfe. Makanikin da ya ɗura giris ya ce an gama, ƙarar za ta lafa kwana kaɗan ta dawo. Sai dai a canza kan.

Birki da sauransu

To, idan ƙarar ba ta damu da kwana ba fa? A ɗora ƙafa a kan birki kaɗan ana tafiya. In ta ɗauke ko ta sauya murya, to a can take. Takalmin birki yana da 'yan ƙarafa sirara da ke matse shi a mazauninsa, waɗanda yara a gareji kan yar a ƙasa sa'ad da suke canza takalmi, wai ba su da amfani. In babu su takalmi na rawa. Akwai kuma farantin gwangwani a bayan faifan birki, wanda in ya lanƙwashe ko tsakuwa ta shiga tsakaninsa da faifai sai ya riƙa ƙara, gyaransa kuwa tura shi baya ne da hannu.

Manyan birkunan motocin gudu, irin na kamfanin Brembo na Italiya, suna da nasu hali. An bar wa takalmi ɗan sarari don ya sami wurin kumbura in ya yi zafi, saboda haka akan ji ƙas guda ɗaya a birkin farko bayan an yi ribas, da wani guda in an koma gaba. Faifai mai huji-huji, ko wanda aka haɗa daga ɓangare biyu, shi ma ba ya rasa 'yar magana a ƙaramin gudu. Na'urar ABS, mai hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, a motoci da yawa takan gwada kanta sau ɗaya jim kaɗan bayan an tashi, a ji ɗan ƙarr a gaba. In sau ɗaya ne tak a kowane tashi, lafiya ce.

Akwai wata ƙara da ta wahalar da masu Nissan 350Z, motar Japan mai kujera biyu da ta fito a 2002, wadda ke tura kanta da ƙafafun baya. Ita ƙas ɗaya ce ko biyu daga baya, a daidai lokacin da mota ta motsa daga tsaye, ko aka sauya daga gaba zuwa ribas. Mutane da dama sun canza shaf gaba ɗaya a banza. Ashe wurin da ƙarshen shaf ya zauna a jikin cibiyar taya ne ya bushe, ƙarfe na ɗan zamewa a kan ƙarfe in ƙarfin inji ya zo. Kamfanin Nissan da kansa ya aika wa dillalansa takardar yadda za a yi: a kwance babban notin tsakiya, a goge, a shafa giris, a ɗaure bisa awo. Irin wannan ƙara ba 350Z kaɗai ke yin ta ba, saboda haka duk motar da ke ƙas ɗaya a farkon motsi, a fara da wannan noti kafin a tafi kasuwa.

Waɗansu motocin kuma, kamar BMW M3, an sa musu wata na'ura a cikin aksul mai hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai in ta rasa riƙo. A matsattsiyar kwana a hankali, faya-fayan da ke cikinta kan kama su saki, a ji kamar ana taunar tsakuwa a baya. Sau da yawa maganinta canza man aksul ne da ainihin wanda kamfani ya rubuta. Man giya na gama-gari da ake aunawa a galan a bakin titi yana iya jawo ta.

Wanda ya yi waɗannan gwaje-gwaje, in ya isa gareji ba zai ce "tana ƙara" kawai ya yi shiru ba. Zai ce tana yi a kwanar hagu, da totur, ba ta yi a miƙe, birki ba ya sauya ta. Makanikin kirki na murna da irin wannan bayani. Ya kamata kuma ya shiga motar a zaga da shi ya ji da kunnensa kafin ya kwance ko noti ɗaya, wanda ya ƙi yin haka kuwa a nemi wani. Manyan garejoji na da wata na'ura mai 'yan kunnuwan lantarki da ake maƙalawa a wurare dabam-dabam a ƙarƙashin mota, a yi tafiya ana sauraron kowanne, amma yawancin lokaci ba a kai ga bukatarta. In an ɗaga mota, kada kowa ya shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai ba a tokare ta ba.

Saura sayen kaya. A kasuwar Ladipo da ke Mushin za a nuna wa mutum tsohon shaf na tokunbo da sabo mai araha a cikin kwali mai ƙyalli. Araha dai ba ta ado. Sandar shaf ta asali an auna ta daidai da motarta, kuma sau da yawa ba abin da ya same ta, kanta ne kawai ya ci. Ya fi kyau a bar ta a sa mata sabon kai na kamfanin da aka sani, maimakon a jefar da ita a ɗaura wadda za ta sa mota rawa a kan babbar hanya. In tokunbo za a saya, a murza kan da hannu a ji ko yana sarƙewa, a kuma buɗe ninkin robar a duba tsaga. Babbar kusar da ke riƙe shaf a cibiyar tayar Golf 5 da na bayanta sau ɗaya ake ɗaure ta, don tana miƙewa in an ja ta, saboda haka sabuwa ake sawa. Kada kuma a tura mota a ƙasa alhali wannan kusa na kwance, gama yin haka na kashe boris.

Kan shaf da ya fara ƙara yana iya yin makonni yana kai mutum kasuwa ya dawo da shi, ba wanda zai iya faɗin ranar da kejin zai fashe. Ranar da ya fashe, inji zai yi ta kuka, giya na ciki, mota kuwa ba za ta motsa ba, domin duk ƙarfin zai tsere ta gefen da ya karye. A cikin Ikko wannan kuɗin janwe ne da ɓacin ran yini guda. A tsakanin Mokwa da Tegina da kaya da yara a baya, sai an aika Ilori ko Kaduna neman kan shaf na GTI, in an dace a samu.